Ɗana ya ce katin zaɓe na ɗagutu ne, ina neman shawarar 'yan zaure

Baban Sadiya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ya tsaya mini a rai tun daren jiya. Ɗana na biyu da ke jami'a ya dawo hutu. Muna cin tuwo na tambaye shi ko ya yi rajistar katin zaɓe, tunda ya wuce sha takwas. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba ka yafe mini, ba zan yi ba. Dimokuraɗiyya tsarin ɗagutu ce, hukunci na Allah ne Shi kaɗai." Ɗagutu dai shi ne duk abin da ake bautawa ko ake bin hukuncinsa a bar na Allah. Yaro ne mai ladabi, bai ɗaga mini murya ba, har aya ya jawo mini. Ni kuwa tun 1983 nake bin layin zaɓe, kuma ban taɓa jin na saɓa wa Allah a kan haka ba. Na kasa ba shi amsar da za ta gamsar da shi, ban kuma iya barci ba. Masu ilimi a cikinmu ku taimaka. Musulunci da dimokuraɗiyya suna iya zama inuwa ɗaya, ko shekara arba'in ina kan ɓata ban sani ba?

Abu Hafsa:
Wa alaikumus salam Baba. Allah Ya yi wa yaron nan albarka, gaskiya ya faɗa. Allah Ya ce a Suratu Yusuf hukunci ba na kowa ba ne sai na Allah. A Ma'ida aya ta 44 Ya faɗi matsayin wanda bai yi hukunci da abin da Ya saukar ba. A An'am Ya ce in ka bi mafi yawan waɗanda ke bayan ƙasa za su ɓatar da kai. To dimokuraɗiyya a kan me aka gina ta? A kan rinjaye. In mutum 51 suka ce giya halal ce, 49 suka ce haram ce, magana ta ƙare. Kundin tsarin mulkin 1999 ma a sashensa na farko ya ce shi ne sama da kowace doka. Sama da kowace doka fa, Baba.

Kuma ko ka yarda ka shiga wasan, ba za a bar ka ka ci ba. A Aljeriya jam'iyyar masu kishin Musulunci ta FIS ta lashe zagayen farko a Disambar 1991, sojoji suka soke zaɓen a Janairun 1992. A Masar an zaɓi Mursi a 2012, shekara ɗaya tak aka kifar da shi, ya rasu a cikin kotu a 2019. Ina masu wa'azin dimokuraɗiyyar suke a lokacin?

Ustaz na Badarawa:
Baban Sadiya, Allah Ya sanyaya maka. Kafin komai, kada ka yi wa yaron faɗa. Wanda ya zo da aya, da ilimi ake zama da shi.

Malam Abu Hafsa, ayar Suratu Yusuf da ka kawo ita ce Khawarijawa suka ɗaga wa Sayyidina Aliyu lokacin da ya yarda da sulhu bayan yaƙin Siffin. Amsar da ya ba su sananniya ce, ya ce magana ce ta gaskiya da aka nufi ɓarna da ita. Hukunci na Allah ne, babu Musulmin da ke musu. Amma Alƙur'ani ba ya sauka daga kan kanta ya tara haraji, ko ya naɗa alƙali, ko ya gyara titin Rigasa. Mutane ne za su yi. To su wane ne, ta yaya za a fitar da su, kuma in sun ci amana ta yaya za a sauke su? Nan ne maganar take.

Ka duba yadda halifofi huɗu suka hau. Sayyidina Abubakar, muhawara aka yi a Saƙifar Bani Sa'ida tsakanin Muhajirai da Ansaru sannan aka yi mubaya'a. Sayyidina Umar, Abubakar ne ya ayyana shi bayan ya shawarci manyan sahabbai. Sayyidina Usman, kwamitin mutum shida Umar ya bari, kuma malaman tarihi sun kawo cewa Abdurrahman bin Auf ya kwana uku yana bin mutanen Madina yana jin ra'ayinsu, har da mata. Sayyidina Aliyu, mutanen Madina suka yi masa mubaya'a cikin fitina. Hanya huɗu, ba ɗaya da ta yi kama da 'yar'uwarta. Da akwai hanya guda da aka saukar, da ba su saɓa ba. Abin da aka saukar shi ne shura, a Suratush Shura aya ta 38 da Ali Imrana aya ta 159, da adalci, da amana. A huɗubarsa ta farko Abubakar ya ce wa jama'a in ya yi daidai su taimake shi, in ya karkace su miƙar da shi. Ni a fahimtata, katin zaɓe ɗaya ne daga cikin hanyoyin miƙar da shugaba ba tare da an zare takobi ba.

Abu Hafsa:
Akaramakallahu, shura ta ahlul halli wal aƙdi ce, wato manyan al'umma masu naɗa shugaba da sauke shi, masu ilimi da taƙawa. Ba a ce a daidaita ƙuri'ar malami da ta ɗan sara-suka da aka ba naira dubu biyu da ƙwaya ba.

Ustaz na Badarawa:
To wa zai fitar da ahlul halli wal aƙdin a Kaduna ta yau? Izala za ta yarda da jerin sunayen da ɗariƙa ta kawo? Ɗariƙa za ta yarda da na Izala? Ganin watan Shawwal ma wasu shekarun sai ka ga an yi Idi biyu a gari ɗaya.

Ɗan Rigasa mai Keke:
Malamai Allah Ya ƙara ilimi, amma ni dai ku bar ni da ayoyin nan, ban kai can ba. Ni abin da na sani, kafin 29 ga Mayun 2023 ina shan lita ƙasa da naira 200. Yau in na yi lodi daga tashar jirgin ƙasa zuwa Kasuwar Barci na dawo, rabin kuɗin gidan mai yake tafiya, sauran na mai keke. Na yi zaɓe sau uku. Ranar zaɓe su zo da taliya da atamfa, shi ke nan sai bayan shekara huɗu. Ni ba na cewa haram ce, ina cewa ba ta da amfani. Ga Nijar nan soja ya karɓa, ba su mutu ba.

Inna Hajiya, Unguwar Sarki:
Ɗana na Rigasa, Allah Ya buɗa maka, wallahi na san zafin da kake ji, jikokina biyu suna wannan sana'ar. Amma soja kake kira? Jikata ce ke rubuta mini wannan, ni na faɗa ta rubuta. Ina yarinya aka wayi gari a garin nan an kashe Sardauna a gidansa, 15 ga Janairun 1966, cikin azumi. Soja ne. Daga nan muka shiga yaƙin basasa. Wahalar SAP, shirin nan na tsuke bakin aljihu, da ta karya mazajenmu a zamanin Babangida, wa ya zaɓe ta? Ba wanda aka tambaya. Gwamnan farar hula in ya ɓata maka, ka zage shi a rediyo ka kwana a ɗakinka. Na soja fa?

Sannan ku samari ba ku san yadda muka samu ƙuri'ar nan ba. Zamanin su Sardauna matan Arewa ba sa zaɓe, na Kudu suna yi. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha duka da ɗauri ba adadi a kan wannan magana. Ni a 1979 na fara dangwala yatsa, ina goye da ɗana na uku. Kuma malamin da muke sauraron tafsirinsa daga Masallacin Sultan Bello, Malam Abubakar Gumi, Allah Ya jiƙansa, shi ne ya riƙa cewa maza su bar matansu su fita su yi rajista. Har ya taɓa cewa siyasa ta fi sallah muhimmanci, gari ya ɗauka, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Abin da muka fahimta yana nufi shi ne in ka bar mulki ga wanda ba ya ƙaunarka, wata rana sallar ma sai ta gagare ka. Yanzu yaro ya tashi ya ce Malam Gumi bai san ɗagutu ba?

Barista 'Yar Malali:
Inna, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Bari na ɗan sa baki ta ɓangaren doka.

Yaya Abu Hafsa, gaskiya ne sashe na 1 ya ɗora kundin a sama. Amma ka ci gaba da karantawa. Sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa ko na jiha. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addininsa. Daga sashe na 275 kuma an ba duk jihar da ke so damar kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, da Alƙalin Alƙalanta. Aurenka, sakinka, gadonka, wasiyyarka da waƙafinka, duk a kan fiƙihun Malikiyya ake yanke su, kuma kundin da kake kira ɗagutu shi ya tsare maka wannan. Ba kyauta aka ba mu ba, sai da wakilan Musulmi suka fice daga zauren tsara kundin a 1978 a kan maganar Shari'a.

Ga kuma abin da mutane ke mantawa. Daga 1983 zuwa 1999 soja ke mulki, kuma Buhari, Babangida, Abacha da Abdussalami duk Musulmi ne. Wanne ya faɗaɗa Shari'a? Sai da farar hula suka dawo, Yarima ya ƙaddamar a Gusau a Oktoban 1999, majalisun jihohi suka riƙa zartarwa har aka kai jihohi 12. Ƙuri'a ce ta kawo ta. Bankin Ja'iz da ya fara aiki a 2012, da sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa, da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 ana gina tituna, duk ta wannan ƙofar suka shigo.

Sai dai Ustaz, Allah gafarta Malam, ina da ja kaɗan. Bai kamata mu nuna wa yaron kamar shura da dimokuraɗiyya abu ɗaya ne ba, zai gano ba haka ba ne ya daina yarda da mu. Akwai wuraren da ake karo na gaske. A dimokuraɗiyya wanda ba Musulmi ba yana da cikakken haƙƙin ya mulke ka in ya ci zaɓe. Sashe na 38 ya ba mutum damar sauya addini, alhali littattafan fiƙihunmu sun faɗi wani abu dabam. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, kuma malamai na wannan zamani suna ta kai-kawo a kansu. Gara a gaya masa akwai su.

Ustaz na Badarawa:
Na karɓi gyara, Barista. Ban ce ɗaya ba ne. Dimokuraɗiyya a matsayin aƙidar cewa ɗan Adam shi ne mai halattawa da haramtawa, wannan ba Musulmin da zai ɗauka. A matsayin hanyar naɗa shugaba, sa masa ido da sauke shi, wannan ita nake karewa. Annabi Yusuf ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar a ƙarƙashin sarkin da ba ya bin addininsa, domin ya tsare mutane daga yunwa.

Tsohon Ɗan Masaƙa, Sabon Tasha:
Gaisuwa ga kowa. Ni Kirista ne, Baban Sadiya ya sa ni a zauren nan tun bara, tare muka yi aiki a masaƙa a Kakuri shekara goma sha ɗaya. Ban cika magana ba amma yau zan yi.

Barista ta ce ƙuri'a ce ta kawo Shari'a. Haka ne. Amma a Kaduna mun san abin da ya biyo baya. Ranar Litinin 21 ga Fabrairun 2000 na fita aiki da safe, ban koma gidana na Tudun Wada ba har yau. Sama da mutum 1,000 suka mutu, aka sake a watan Mayu, aka sake a 2002. Ni na tsallaka gada na koma kudu, Baban Sadiya ya bar Kakuri ya koma arewa. Musanyar unguwa muka yi ba da son ranmu ba. Yanzu yaranmu sun tashi ba su san juna ba, kogi ya raba su.

Abin da nake so na ce wa yaron shi ne, in aka ajiye ƙuri'a, ni ina matsayina? Ni ba baƙo ba ne, kakannina a jihar nan aka binne su. Ƙuri'ar nan ita kaɗai ce wurin da ni da kai muke daidai. Kuma abin da ya kashe wutar a lokacin ba bindiga ba ce. Gwamna Makarfi ya zauna da kowane ɓangare, a 2001 aka kafa kotunan Shari'a ga Musulmi, kotunan gargajiya ga waɗanda ba Musulmi ba, aka ba ƙabilun kudu masarautunsu. Ba wanda ya samu duk abin da yake so. Siyasa ce ta yi wannan.

Abu Hafsa:
Da girmamawa, wannan mas'ala ce ta aƙidar Musulmi, ban ga abin da ya kawo wanda ba Musulmi ba cikinta ba.

Baban Sadiya, Tudun Wada:
A'a Abu Hafsa, nan kam ban yarda ba. Mutumin nan shi ya ɓoye matata da Sadiya tana jaririya a ɗakin ƙanwarsa kwana biyu, har sojoji suka fitar da su. In ana maganar yadda za a mulki Kaduna, yana da bakin magana kamar kowa.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a kiyaye harshe. Zauren nan na 'yan Kaduna ne gaba ɗaya. A ci gaba cikin mutunci.

Malamin Tarihi, Kawo:
Na makara, ina aji. Abu Hafsa, abin da ka faɗa a kan Aljeriya da Masar gaskiya ne, ƙara ma da Turkiyya a 1997 da sojoji suka tilasta wa Firaminista Erbakan sauka. Kuma ƙasashen Yamma da ke wa'azin zaɓe sun yi gum, wasu ma sun ci gaba da ba da makamai. Wannan tabo ne da ba zai gogu ba. Amma ka lura da wanda ya karya akwatin a duk wuraren nan: janar-janar ne. Jama'a Musulmi sun fito sun yi layi. Wato ba Musulunci ne ya ƙi zaɓe ba, masu bindiga ne suka ƙi sakamakonsa.

Sai dai mu ma mu faɗi namu laifin. A Sudan a 1989, masu kiran kafa daular Musulunci ne suka haɗa kai da Umar al-Bashir suka kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnatin Sadiƙul Mahdi. Shekara 30 suna mulki da sunan Shari'a, ba mai iya sauke su. Kudu ta ɓalle a 2011, kuma ga halin da Khartum take ciki tun 2023. A Iran ana zaɓe, amma wata majalisa ta mutum 12 ce ke tace wanda zai tsaya. Duk wanda ya ce da sunan Allah yake mulki, in ka soke shi sai a ce da Allah kake ja.

Yanzu dubi inda abin ya zauna. Indonesiya ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi. Suharto ya faɗi a 1998, kuma wanda ya zama shugaban ƙasa a 1999, Abdurrahman Wahid, malami ne, shugaban ƙungiyar Nahdlatul Ulama. A 2024 mutum sama da miliyan 200 ke cikin rajistar zaɓensu. Lardin Aceh yana aiki da Shari'a, sauran ƙasar ba ta yi, kusan irin namu.

Amma ni Senegal ta fi burge ni, don ta fi kusa da mu, ƙasar Shehu Ibrahim Inyass ce da mutanenmu ke zuwa Kaulaha ziyara. Fiye da kashi 90 cikin 100 Musulmi ne, ba a taɓa juyin mulki ba. Shugabansu na farko, Senghor, Kirista ne, ya yi shekara 20 da goyon bayan shehunan ɗariƙa. Jam'iyya mai mulki ta faɗi a 2000, ta faɗi a 2012. A 2024 Shugaba Macky Sall ya ɗage zaɓe, kotun tsarin mulki ta ce bai isa ba, ɗan adawa Diomaye Faye ya fito daga kurkuku kwana goma kafin zaɓe ya ci a zagayen farko. Mutanen nan ba su bar wuridinsu ba don sun yi zaɓe.

Tunisiya kuma ta nuna abin yana iya komawa baya. Jam'iyyar Ennahda ta masu kishin Musulunci ta ci a 2011, ta sauka da kanta don a zauna lafiya, aka yi kundin 2014. A 2021 Shugaba Kais Saied ya rufe majalisa, daga baya aka ɗaure Ghannouchi, jagoran Ennahda. Mutane da yawa sun yi murna a ranar da aka rufe majalisar, saboda shekara goma ba aikin yi. Wannan ya dawo da mu kan maganar Ɗan Rigasa, kuma ni ita ta fi ba ni tsoro. A zaɓenmu na 2023 waɗanda suka fito ba su kai ko kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba. A zanga-zangar Agustan 2024 mun ga yara a titunan garin nan da tutar Rasha suna kiran soja. Ba fatawa ce ta fitar da su ba, yunwa ce.

Ɗan Rigasa mai Keke:
Yauwa Malam, ka taɓo wurin. Mai jin yunwa ba ya jin huɗuba.

Ustaz na Badarawa:
Haka ne, kuma a nan mu masu hawa mumbari muna da kaso. In malami ya karɓi mota ko kujerar Hajji ya ce wane ne ɗan takarar Musulunci, wanen ya hau ya sace kuɗin asibiti, yaro mai hankali zai ce duka tsarin ƙarya ne. Shehu Usmanu a Kitabul Farƙ ya lissafa aibobin sarakunan Haɓe, daga ciki har da gadon mulki da ƙwace shi da ƙarfi ba tare da shawara ba, da cin dukiyar talaka, da karɓar toshiya. Ka karanta jerin ka dubi yadda ake sayen daliget a zaɓen fid da gwani. Abin da Shehu ya yaƙa yana nan, ya sauya riga ne kawai.

Baban Sadiya, Tudun Wada:
Bari na faɗi abin da ya hana ni barci, tunda an zo nan. Irin wannan maganar ta ɗagutu da ita 'yan Boko Haram suka fara a Maiduguri. Malam Ja'afar ya yi musu raddi, aka harbe shi yana limancin Asuba a Ɗorayi a 2007. Malam Albani na Zariya a 2014. Tsorona ke nan.

Abu Hafsa:
Baba, wannan ta yi mini zafi. Ni ban taɓa halatta jinin kowa ba, kuma ina barranta daga mutanen nan. Akwai manyan malamai da suka ga rashin shiga zaɓe kuma ba su ɗauki makami ba. In duk wanda ya yi tambaya za a jingina shi da su, yaran za su daina tambaya a fili, su koma inda ba ku gani.

Baban Sadiya, Tudun Wada:
Ka yi gaskiya, ka yafe mini. Ba kai nake nufi ba, uba ne ke magana.

Abu Hafsa:
Ba komai Baba, Allah Ya yafe mana. Ni har yanzu zuciyata ba ta natsu da tsarin ba. Amma tambayar Ustaz ta wa zai fitar da ahlul halli wal aƙdi, da maganar Sudan, zan kai wa malaminmu in ji abin da zai ce. Wanda ya fita ya zaɓi mai sauƙin sharri kuma ban kafirta shi ba.

Inna Hajiya, Unguwar Sarki:
Allah Ya yi muku albarka duka. Baban Sadiya, ka ba yaron wayar ya karanta da kansa, kada ka fassara masa.

Baban Sadiya, Tudun Wada:
Na ba shi bayan Isha'i, Inna, ya karanta tun daga sama. Bai ce zai yi rajista ba, ni ma ban matsa ba. Ya ce maganar sauya addini da Barista ta kawo ita yake so ya ji yadda malamai suka warware, ko Ustaz zai ba shi lokaci. Sannan ya tambaye ni wane ne Tsohon Ɗan Masaƙa, don bai taɓa sanin mun zauna a Kakuri ba, bayan rikicin aka haife shi. Na ce ranar Asabar zan kai shi ya ga gidan, mu wuce Sabon Tasha ya gaida babansa.

Tsohon Ɗan Masaƙa, Sabon Tasha:
Ku zo da wuri kafin rana ta yi. Zan gaya wa ƙanwata, ta daɗe tana tambayar Sadiya.

Ustaz na Badarawa:
Ya same ni Lahadi bayan La'asar a masallacin unguwa, ya zo da Alƙur'aninsa da duk tambayoyin a rubuce. Abu Hafsa, in kana da sarari kai ma ka zo.